Fitilun Anti Filomina

Saudatu tana ɗaure kwali na huɗu na littattafan mijinta Malam sai ta ji ƙarar ƙofar ƙarfen maƙwabciyarta. Ta tsaya da igiya a hannu. Silifas ɗin Anti Filomina suka taho a hankali, ƙafar hagu tana ɗan ja kamar kullum. Suka zo daidai ƙofarta, suka wuce. Ta ji lif ya buɗe, ya rufe.

Yau kwana arba'in da tara ke nan tsohuwar ba ta ƙwanƙwasa mata ba.

A hawa na goma sha ɗaya suke, a unguwar Sentul a ƙasar 'yan Malay, ƙofa kusa da ƙofa a ƙarshen baranda. Shekara huɗu da suka wuce Malam Hadi ya kawo ta nan daga Kano, yana karatun digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. A watan Agusta korona ta kama shi. Kwana tara ya yi a asibiti. Ba ta ga gawarsa ba. A waya aka nuna mata wasu mutane cikin fararen rigunan leda suna saka shi a rami, hoton yana tsayawa yana tafiya. A ɗakin nan ta shiga takaba ita kaɗai, wata huɗu da kwana goma. Yanzu saura kwana bakwai ta fita, washegarin fitar kuma jirgi zai mayar da ita gida.

Matan 'yan Najeriya sun yi iya ƙoƙarinsu, amma a lokacin ba a barin baƙi su hau benen, kowa kuma yana tsoron cutar. Waya kawai suke yi. Anti Filomina ce take zuwa. 'Yar Indiya ce, Kirista, shekararta saba'in da huɗu, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana Singafo shekara biyu bai samu hanyar zuwa ba. Kullum da hantsi takan sauka shagon mamak, na Musulmin Indiya, ta yi mata tapau, wato ta sayo abinci a leda, don ta san Saudatu ba za ta saki jiki da abin da ya fito daga tukunyarta ba. Sai ta rataye ledar a jikin ƙofar ƙarfe, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ce, "Sauda, makan!" wato ta ci abinci. Daga nan ta jawo kujerar roba ta zauna a waje da takunkuminta, Saudatu tana zaune a ƙasa daga ciki. Su yi ta hira da guntun Turanci da Malay ɗin kasuwa, rabi a gane, rabi a bar shi. A duk yinin Saudatu wannan ce kawai muryar mutum da ba ta cikin waya take fitowa ba.

Sai ranar ɗaya ga Nuwamba.

Dama duk benen an san Anti da wuce gona da iri a kan Kirsimeti. Kowa sai Disamba ta shiga yake fara rataye-rataye, ita tun tsakiyar Nuwamba take fito da kwalayenta: fitilu masu ƙiftawa, ƙwallaye ja da ruwan zinare, da wani babban tauraro na takarda. Malam ne yake hawa kujera ya rataya mata, yana tsokanarta wai baranda ta zama shagon lantarki. Saudatu ba ta so. Ta sha ce masa wannan almubazzaranci ne, kuma ba ruwansu da shi. Shi kuwa sai ya ce, "Ba bikin nake yi ba, Saudatu. Kujera kawai nake hawa wa tsohuwa."

Bana tun ɗaya ga wata ta fito da su. Saudatu tana kan sallaya ta ji ana jan kwali, rediyo kuma yana waƙoƙin nan nasu masu ƙararrawa. Ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofa ba. Ta ga tsohuwar tsugune cikin tulin wayoyi tana warwarewa tana bin waƙar.

"Anti, mutane suna mutuwa, ke kina rataye fitila? Saura wata biyu fa! Too much, Anti, too much! Mijina yana cikin ƙasa!"

Anti ta miƙa hannu. Ta kashe rediyon. Ta naɗe wayoyin, ta ja kwalayen ɗaya bayan ɗaya ta mayar ciki. Tun daga ranar abincin bai daina zuwa ba, kullum Saudatu za ta tarar da leda a rataye. Muryar ce ta daina.

Ga shi yau saura kwana biyar Kirsimeti. Ta tagar kicin tana hango benen da ke fuskantar nasu, tagogi da yawa sun sha ado. Barandarsu kuwa babu ko zare.

Wayarta ta yi ƙara. Hureira ce, matar abokin karatun Malam.

"Yaya Saudatu, ina kwana? Ya ruwa? Kin ga flood ɗin nan kuwa a news? Allah ya so ku kuna sama."

"Lafiya lau, Maman Rayyan. Ya yaran?"

"Suna nan suna cin raina. Ina kasuwar Jalan TAR yanzu, na samo miki jakar nan babba mai zip. Gyale guda nawa kika ce na tsaraba?"

"Shida ya isa."

"Shida dai? Kano fa za ki. Zan sa goma. Wallahi Yaya da kin ga gari, kamar ba a yi korona ba. Mall ɗin da muka shiga jiya, bishiyarsu ta Kirsimeti ta kai hawa uku. Da kankara ta ƙarya, a garin da mutum yake zufa a zaune! Rayyan ya tsaya wai sai an yi masa hoto, na ce wuce mu tafi."

Saudatu ta ce, "Anti ba ta sa nata ba har yanzu."

"Wace Anti? Oh, tsohuwar nan? To ai kin huta."

"Ni na hana ta. Na faɗa mata magana."

"To ai gaskiya kika faɗa. Ana zaman makoki next door, mutum ya kama kiɗa?"

"Ita ce fa take kawo mini abinci."

"Allah ya saka mata. Amma Yaya, ke kina cikin takaba, kar ki sa kanki a harkar bikinsu. One week ya rage. Ki saya mata ɗan turare ki ajiye mata a ƙofa ranar tafiya, shi ke nan lah."

Suka yi sallama. Saudatu ta zauna a kan kwalin. Ta yi tunanin ranar tafiyar: ta ja jaka ta wuce ƙofar matar nan, ta shiga lif, ta tafi ƙasar da ba za ta ƙara dawowa daga cikinta ba, kuma maganar ƙarshe da ke tsakaninsu ita ce waccan.

Wajen sha ɗaya silifas suka dawo. Ta miƙe ta tsaya a bayan ƙofa, hannunta a kan mabuɗi. Ta ji ƙarar leda a jikin ƙarfe. Ta ji numfashin tsohuwar, sama-sama saboda tafiya. Kafin ta haɗa abin da za ta ce da Turanci, ƙofar can ta riga ta rufe.

Ta ci gurasar roti biyu a tsaye. Ta yi azahar. Sannan ta zura hijabi, ta sa takunkumi, ta fita. Taku huɗu ne tsakanin ƙofofin, amma tun watan Agusta ba ta yi su ba.

Anti ta buɗe. Ta rame, gashinta fari fat, ba a gyara ba. Ta dubi Saudatu, ta leƙa baranda hagu da dama kamar mai tsoron a gan su.

"Sauda! Lafiya? Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Anti, sorry. Maganar da na faɗa miki. Sorry."

"Aiyo, shigo, shigo. An yarda ki shigo? Boleh?"

"Boleh."

Ɗakin yana ƙamshin man kwakwa. Kwalaye uku suna jere a jikin bango, an lulluɓe su da tsohon zani. Saudatu ta nuna su.

"Me ya sa ba ki rataye ba? Saura kwana biyar."

Anti ta kama hannun hijabinta ta ja ta zuwa bakin kicin. Akwai kalanda a rataye. Tun daga farkon wata kowace rana an soke ta da jan biro, an zagaye ashirin da bakwai.

"Na je hawa na bakwai na tambayi Kak Nur," in ji ta. "Ita Musulma ce kamar ku. Na ce mata, idan miji ya mutu kwana nawa kuke yi? Ta ƙirga mini. Ta ce ba ado, ba kiɗa, matar ta zauna a gida shiru. Na ce, wayyo ni, wata biyu ina zama a ƙofar yarinyar nan ina surutu ina ɓata mata ibada, ita kuma kunya ta hana ta kore ni. Sannan na zo na kunna mata waƙa."

"Shi ya sa kika daina ƙwanƙwasawa?"

"To me zan yi? Ina jiran ashirin da bakwai."

"Anti, ba a hana magana ba. Ba a hana ba sam." Saudatu ta dubi kalandar. "Ni na ɗauka fushi kike yi."

"Fushi na yi, kwana biyu. Na uku na gaji."

"Amma ashirin da bakwai Kirsimeti ta wuce."

"Ta wuce ɗin. Sai in rataye ashirin da takwas. Wa zai kama ni?"

Saudatu ta samu kujera ta zauna. Ta tambaye ta abin da ya daɗe yana cin ta, me ya sa bana tun ɗaya ga Nuwamba ta fito da fitilun.

Anti ta ɗaga yatsu huɗu. "Mu shida muke zama layi ɗaya a coci, shekara talatin. Huɗu sun tafi cikin wata biyu. Ranar nan na tashi da tari. Na ce, Filomina, wa ya ce miki za ki kai Disamba? Fito da kayanki ki gan su." Ta ɗaga kafaɗa. "Ashe mura ce kawai."

Saudatu ta miƙe ta yaye zanin daga kan kwalayen.

"A'a, a'a, saura kwana bakwai!"

"Takabar tawa ce, Anti, ba taki ba. Kawo kujera."

Suka fitar da kwalayen baranda. Ruwan da aka kwana uku ana yi ya ɗauke, rana ta fito da zafi. Anti tana warware wayoyi tana miƙo mata, tana ba da umarni kamar mai gidan gini. Saudatu ta tattare hijabinta ta hau kujerar. Ƙusoshin suna can sama a jikin siminti, sai ta yi ɗage take kai musu. Da ta kai fuskarta kusa ta ga an rubuta lamba da fensir a gefen kowace ƙusa, ɗaya, biyu, uku, har goma sha biyu. Rubutun Malam ne, bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya. Ta tsaya ta dafa bangon.

"Sauda?"

"Ba komai. Miƙo."

Ta bi lambobin. Zufa tana bin bayanta. Tauraron ne na ƙarshe, a ƙusa ta goma sha biyu, saman ƙofar Anti. Tsohuwar ta jona wuta. Da rana ce, hasken bai fito sosai ba, amma sun kama, ja da kore da shuɗi, daga wannan ƙofar har waccan. Anti ta haɗa hannuwanta a ƙirji tana kallo, bakinta yana motsi a bayan takunkumi.

"Haka Hadi yake yi," in ji ta. "Daidai haka. Shida ga Janairu kuma ki zo ki sauke mini, shi ma ranar yake saukewa."

Saudatu tana tsaye a kan kujerar, ta gyara zaman tauraron.

"Ko bakwai ga wata, idan kina da aiki."

"Anti, ashirin da takwas zan tafi. Gida. Najeriya."

"Wannan watan?"

"E."

"Ki dawo yaushe?"

Saudatu ta girgiza kai.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fitilun. Sannan ta dubi kujerar, ta dubi ƙafarta ta hagu. "Ba komai," in ji ta. "Zan hau a hankali."

Saudatu ta ce wa Anti ta kashe wutar. Ta miƙa hannu ta cire tauraron, ta cire wayar daga ƙusa ta goma sha biyu, ta goma sha ɗaya, ta goma, tana sauka tana matsar da kujera, har ta cire duka. Anti tana ta tambayar me ya faru, ba ta kula ta ba. Ta shiga ɗakinta ta ɗauko ragowar igiyar da take ɗaure kwalaye da almakashi.

"Anti, tsaya nan. Ɗaga hannunki. Kar ki yi ɗage."

Tsohuwar ta ɗaga. Hannun ya tsaya a sandar ƙarfen baranda ta sama, kaɗan ya wuce kanta. Nan Saudatu ta ɗaure bakin wayar, ɗaurin zarge wanda ja ɗaya zai kwance shi. Ta matsa gaba ta ɗaure na biyu.

Anti ta ja da baya ta karkata kai tana dubawa.

"Ba kyau haka lah. Kamar shanya."

"E," in ji Saudatu. "Miƙo na gaba."