Motar da Ta Kasa Hawan Murree

Motar da Malik Zafarullah ya sa a cikin kayan auren 'yarsa Nimra ta kasa hawan dutsen Murree. Lafiya ƙalau ta bar Rawalpindi, amma da aka fara hawa sai ta koma nishi. Ango Shehryar ya taka totur har ƙasa, motocin ɗaukar kaji suna wuce shi. Dole aka juyo gida.

Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Nimra daɗi a gidan miji. Uwar mijinta ba ta zagi. Takan dai tambaya, ana cikin miƙa gurasar roti, ko a sikeli Malik Sahib ya sayi motar, yadda ake sayen tsohon ƙarfe. Nimra ta gaya wa uwarta a waya, uwar ta gaya wa Malik. Shi kuwa ya kira uban ango, Raja Ghazanfar, mai shagon kayan girki a kasuwar Raja Bazaar, ya ce a buɗe motar a gaban kowa. In ruɓaɓɓiya ya bayar, zai canza ta. Bai faɗi da me ba, don filinsa ya sayar ya sayi wannan.

Raja ne ya zaɓi makaniki, Ustad Bhola na unguwar makanikai ta Sultan ka Khoo, mutumin da ya ce tun daga bakin titi yake gane ciwon mota.

Ustad ya leƙa gaban direba, ya ɓanɓare wata 'yar takarda da aka manna. A ƙarƙashinta fitilar gargaɗin inji na ci.

"Wa ya yi wannan gyaran?"

"Tana damun ido ne, Ustad," in ji Shehryar.

"Masha Allah. Ka rufe mata baki, ta warke. Taka min totur."

Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa. Iska kaɗan ce ta fito, da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Haka kakata ke numfashi a makonta na ƙarshe, Allah ya jiƙanta."

Ya shiga rami, ya kwance na'urar da ke shinshinar hayaƙi a gaban tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira katalis, don hayaƙin ya samu wata ƙofa. Ya ce Shehryar ya zagayo layin. Motar ta yi ruri, ta zabura kamar an tsikare ta.

"Katalis ya toshe," in ji Ustad. "Inji na son fitar da hayaƙi, an shaƙe masa wuya."

Raja ya gyara zaman rigarsa. "Ka ji, Malik Sahib. Ni ban ce komai ba. Ustad ne ya faɗa."

"Daga Japan ta zo, Raja Sahib. Hannu bai taɓa ta ba."

"Japanawan ma ai suna da bola."

Ustad ya ce hanya uku ce. A wanke, bayan wata guda a dawo. A sayi sabo, a yi kuka. Ko a yanke tukunyar a kwashe matatar da ke ciki mai kama da saƙar zuma, a mayar a like. Wannan na ukun, saboda ƙaunar da yake yi wa Raja Sahib, kyauta zai yi.

Kowa a Sultan ka Khoo ya san wannan ƙaunar. A cikin saƙar akwai ƙarfe mai tsada, masu sayensa kuma suna bayan layi da sikelinsu. Shehryar ne kaɗai ya ce ko a bari sai wani lokaci, rana ta yi zafi. Ba wanda ya kula shi.

Ustad ya sauke tukunyar, ya yanke ta, ya shimfiɗa tsabtataccen buhu don kada ko ɓurɓushi ya ɓata. Ya zura filaya. Abin da ya jawo baƙin curi ne na waya, ya dunƙule da zafi da baƙin hayaƙi. Ya sake jawo wani. Soson ƙarfe ne na wanke tukunya. Saƙar zuma babu ko ƙyallinta.

"Wane ɗan banza ne ya riga ni?" Ya yi tari. "Wato, wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan?"

Raja ya dubi Malik da tausayi. "Haka aka sayar maka, ko haka ka ba mu?"

Ustad na juya tukunyar yana bin sawun walda da yatsa.

"Wannan walda mai kama da kashin kaji mutum ɗaya ke yin ta a garin nan. Fida! Kai, ɓarawo!"

Daga shagon da ke kallon nasa, Ustad Fida ya tsallako da kofin shayi a hannu. Ya ga tukunyar, ya ga Shehryar, ya washe baki.

"A'a, ango! Yaya amarya? Sabuwar wayar tana aiki dai?"

"Kai ka buɗe wannan?" in ji Malik.

"Da hannuna, Sahib. Shi ya kawo ta, furannin biki ba su gama bushewa a jikinta ba. Muka sayar da saƙar, muka raba kuɗin, kowa ya ji daɗi. Na ce in an kwashe za ta yi ƙara, sai an cusa soso. Ya ce kada in saya, akwai a shagon babansa."

Ustad Bhola ya murza curin, ya ruguje a hannunsa. "Soson ma na banza ne. Mai kyau ba ya narkewa haka."

"Sosona ɗan Jamus ne!" in ji Raja, kafin ya tuna inda yake.

Shehryar ya duƙufa kallon tayar baya.

Raja ya tambayi kuɗin sabon katalis a hankali, kamar mai tambayar lokacin jana'iza. Ustad ya faɗa da ƙarfi, kuma wannan karon bai ambaci ƙauna ba.

Malik ya ɗauki tsohuwar jarida, ya naɗe curin da ya fi girma, ya miƙa wa surukinsa Shehryar.

"Ɗana, kai wa mahaifiyarka. Ka ce ta ɗora a sikeli."

Da aka zauna cin abinci a gidan Raja, ba wanda ya yi maganar mota. Uwar miji ta tambayi Nimra ko za ta ƙara nama.