Fuskar Ɗanliti

Makarantar Malam Gide ba ta da allon suna a ƙofa. Tsohon shagon awon hatsi ne a bayan kasuwar Faskari, mai babbar taga ta wajen arewa, kuma saboda tagar Malam ya kama shi, don haskenta ba ya sauyawa daga hantsi har la'asar. A Zariya ya koyi zane tun yana saurayi, ya koyar a makarantun gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya dawo gida ya tara 'yan ɗalibai. Yawancinsu samari ne masu son su iya adon bayan mota da allon shaguna, kuma ba sa daɗewa, domin Malam ba ya barin kowa ya taɓa fenti sai ya ƙware da gawayi.

Wani hantsi Hajaratu ta yi sallama a ƙofar, goye da ɗiyarta Hamida. Daga wani ƙauye take a gefen Mairuwa. Ana tsakar girbi 'yan bindiga suka shigo musu, suka kashe mijinta Ɗanliti a bakin rumbu, suka cinna wa gidan wuta, suka tafi da shanu da wayarsa, wadda duk hotunansa ke ciki. Lokacin tana da tsohon ciki. Ita da surukarta Goggo da ƙanin mijinta Mas'ud da matarsa Suwaibatu suka gudo Faskari, suka kama haya a bayan gari, a nan ta haihu.

"Malam, so nike in iya zana mutum," in ji ta bayan sun gaisa.

"Wane mutum?"

"Baban yarinyar nan. Bai gan ta ba, ita ma ba ta gan shi ba."

Malam ya daɗe yana kallon yarinyar, wadda ta yi barci baki buɗe a bayan uwarta.

"Allah Ya jiƙan shi," ya ce. "Amma ni abin da ke gaban ido nike koyarwa. In kin yarda da haka, ga benci nan."

Tulu ya fara ajiye mata. Ya nuna mata yadda za ta miƙe hannu da fensir, ta rufe ido ɗaya, ta auna tsawon tulun da babban yatsa, ta gwada shi da faɗinsa. Ta zana, ya zo ya tsaya a bayanta ya ce wuyan ya yi tsawo. Ta goge. Ya ce cikin ya karkata. Ta goge har takardar ta huje. Damina ta shigo ta same ta a kan tulun nan. Da sassafe takan soya awara a bakin hanya, ta bar wa Suwaibatu sauran, ta wanke hannu ta taho, yatsunta na ƙanshin mai, kafin azahar sun koma baƙi ƙirin da gawayi.

Daga tulu aka koma ƙwarya, daga ƙwarya aka koma zanen ɗaurawa a naɗe, inda ta koyi cewa inuwa ma hawa-hawa ce, akwai mai duhu akwai mai sanyi. Sai ƙoƙon kan rago, sai hannun mutum. Samarin da ta tarar suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma acaɓa, wani iyayensa suka bar garin.

A gida Goggo ba ta son abin. Wata maƙwabciya ta gaya mata zana mai rai ba kyau, ita kuma ta ce wa Hajaratu, "Ki bar mamaci ya huta, ɗiyata. Addu'a yake buƙata." Amma kullum ita ke miƙa hannu ta karɓi Hamida in lokacin tafiya ya yi.

Abin da Hajaratu ba ta faɗa wa kowa ba shi ne tsoro. Tana tuna tarin Ɗanliti na asuba, da yadda yake zama ya naɗe ƙafa ɗaya in zai ci tuwo, da tabon lauje a hannunsa na hagu. Amma da Malam ya fara koya musu kai, yana cewa ku dubi tazarar ido da ido, ku dubi inda kunne ya tsaya, sai ta nemi waɗannan a fuskar mijinta ta rasa. Shekaru ta yi tana zaune da shi, ba ta taɓa ƙura masa ido ba, kunya ba ta bari.

Duk da haka ta gwada. Wata rana Malam ya fita sallar azahar, ta juya takarda ta zana shi daga zuciyarta. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ɗaga takardar wajen taga, ya ce a hankali, "Ido ya zauna daidai, hanci ya zauna daidai. Amma wannan ba kowa ba ne, Hajaratu. Ke ma kin sani."

Ta sani. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana kuka. Malam ya bar ta har ta yi shiru, sannan ya tambaya ko a dangin akwai mai kama da marigayin.

Haka Mas'ud ya fara zuwa makarantar, Suwaibatu na biye da shi tana saƙar hula a gefe. A da can shi ne mai tsokanar Hajaratu, yana kiranta matar yaya mai miya ba gishiri, tana bin shi da muciya. Tun ranar da aka kashe yayansa, shi kuma yana ɓoye cikin gonar dawa yana jin komai, bai sake yi mata wasa ba. Ya zauna a kujera gefen taga, ya sa ido a bango. Zaman ya yi masa wuya. In babur ya yi ƙara a waje sai ya zabura, sai Hajaratu ta dakata da zanen ta jira ya dawo yadda yake.

A kan wannan aikin Malam ya buɗe mata akwatin fenti. Ya koya mata haɗa launin fata, ja da ruwan ƙasa da ɗan shuɗi a wajen inuwa. Ta yi makonni a kai. Ta faɗaɗa haɓar kaɗan, don tana jin ta Ɗanliti ta fi faɗi. Ta ƙara gemu, ta sa furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne. Ranar da fentin ya bushe, Malam ya ce a duk ɗaliban da ya koyar a garin nan babu wanda ya kai nan.

Ta naɗe hoton a zane ta kai gida, ta jingina shi da bango a tsakar gida. Goggo ta matso da tabarmarta, ta kare ido da hannu, ta duba sama da ƙasa.

"Mas'ud ne," ta ce. "Sai dai kin tsufar da shi."

Hamida, wadda ta fara magana a lokacin, ta taho da gudu ta dangwala yatsa a kan hancin, tana dariya tana cewa, "Baba Mas'ud!"

Mas'ud ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da aka kira magariba.

Bayan haka Hajaratu ta daina zuwa makaranta. In ta rufe ido ta nemi mijinta, fuskar ƙaninsa ke zuwa, da kowane layi da kowace inuwa da ta auna. Ɗan abin da ya rage mata na Ɗanliti ya shige ƙarƙashin wannan. Ta ba Suwaibatu hoton ta ce ta kai ɗakinsu. Tana suyar awararta, tana amsa gaisuwa, ta rame har mutane suka fara tambaya ko ba ta da lafiya.

Da kaka Malam Gide ya zo gidan da kansa, ya tsaya a zaure. Ya ce ya rufe makarantar. 'Yan bindiga sun sake tare hanya, ɗalibai sun watse, idonsa kuma ya fara yana, ɗansa ya matsa masa ya koma Funtuwa. Ya sa aka sauke allon jingina takarda da damin gawayi da akwatin fentin.

"Ba ni da wanda zan bar wa," ya ce. "In ba ki so, ki hura wuta da su."

Ta durƙusa ta yi godiya, ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Ba ta sake ganinsa ba.

Kayan suka yi kwanaki a bayan ƙofa. Wata safiya ta dawo daga suya ta tarar Goggo ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na saƙi wanda ta fito da shi daga wuta, ta zauna a kan turmi a inuwar katanga.

"Ɗauko abin naki," in ji Goggo. "Yarinyar nan ba za ta tuna ni ba. Ki yi sauri, bayana ba ya son zama."

Hajaratu ta kafa allon, ta miƙe hannu ta rufe ido ɗaya. Goggo ba ta iya zama shiru ba. Ta riƙa ba da labarin yadda babban ɗanta ya faɗa rijiya yana yaro, da yadda ya ƙi cin kuɓewa har ya girma, tana dariya tana share hawaye da bakin zane, Hajaratu na cewa, "Goggo, ɗaga haɓa kaɗan."

Da gawayi kawai ta yi shi, ba ta kai ga fenti ba. Goggo ta kwanta ciwon ƙirji da sanyin shekarar, ta rasu kafin azumi, aka binne ta a Faskari, nesa da mijinta da ɗanta. Matan da suka zo gaisuwa suka ga hoton a ɗaki, wasu suka kau da kai, wasu suka tsaya suna kuka. Bayan sadakar bakwai wata daga cikinsu, 'yar gudun hijira daga Damari, ta dawo riƙe da hannun tsohon mahaifinta, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambaya ko Hajaratu na ciki, ta zana mata shi.