Karan Awon Malam Datti

"Ɗan ɗaga ni, Alhaji. Ba a karɓar baƙon hukuma a kwance."

Alhaji Nata'ala ya sa hannu a ƙarƙashin kafaɗar maƙwabcinsa, ya jingina shi da bangon zaure. Ya ji shi sakayau kamar buhun ƙaiƙayi. Shekara arba'in da ɗoriya Malam Datti na kula da maƙabartar Durun, babu gidan da bai taɓa haƙa wa kabari ba. Yanzu ciwon hanta ya cinye shi, saura ido da baki.

Baƙon shi ne Muhsin, jami'in da ke lura da waɗanda kotu ta yanke wa hidimar al'umma a maimakon ɗauri. Ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da jiki, sannan ya buɗe jakarsa.

"Baba, maganar Tasi'u ce. Saura masa wata biyu. Ƙa'ida ta ce sai da dattijon da zai tsaya masa. In babu, a gidan yari zai ƙarasa."

"Ai ga ni."

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

"Faɗi abin da ke ranka, ɗana. Mai haƙa kabari ba a ɓoye masa mutuwa."

Alhaji Nata'ala ya kau da kai. Wannan Tasi'un, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, shi ya ɗauke masa injin ban ruwa a lambu, ana tsakiyar rani, har tumatir ɗinsa ya ƙone a tsaye. Alƙali ya ba shi wata shida. Ana nan sai ga tsarin da gwamnati ta ware wa tallafi: mai ƙaramin laifi ya zauna a garinsu ya yi wa jama'a aiki. Da tallafin aka sayo wa maƙabarta baro da diga da shebur da wayar shinge. Ranar da aka nemi mai tsayawa, manyan gari duk suka sunkuyar da kai, sai Malam Datti ya ce a ba shi. Tun daga nan Alhaji bai sake amsa gaisuwar Tasi'u ba, kuma sai da ya yi mako guda bai leƙa zauren maƙwabcinsa ba.

Da jami'in ya tafi, Malam Datti ya dube shi.

"Kai za ka karɓe ni."

"Ni? Zazzaɓi ne ke magana, Malam."

"Zazzaɓina ya sauka tun asuba."

"Tun zamanin kakanninmu," in ji Alhaji Nata'ala, yana gyara zaman hularsa, "an san dagaci yakan damƙa mai laifi a hannun dattijo. Wannan na yarda, an yi. Amma a ce wanda aka yi wa sata shi zai tsaya wa ɓarawonsa, ba a taɓa yi ba. Ka kawo mini misali ɗaya."

"Kai ne mai tarihi, ni rami na sani. Na dai binne ɓarayi, na binne masu kaya, ban ga wanda ya nemi a ƙara masa faɗi ba." Ya yi tari, ya huta. "Yaron nan in ya shiga can, zai fito da sana'ar da ta fi ɗaukar inji. A nan kuwa ya iya saran lahadu. Kai ka iya?"

"Allah ya ba ka lafiya," Alhaji ya ce, ya nemi takalminsa.

Kwana huɗu aka ƙara. Ranar Laraba da hantsi, Alhaji na zaune a gefensa yana yi masa fifita, Malam Datti ya nemi ruwa, ya kurɓa sau ɗaya, ya yi kalmar shahada a hankali kamar mai gudun tayar da na barci, ya cika.

Kafin a gama wanka magana ta zaga gari cewa Tasi'u ya gudu, don babu wanda ya gan shi a ƙofar gida. Alhaji Nata'ala ya miƙe. Ya zaro kara daga danga, ya auna tsawon mamacin yadda aka gada, ya karya, ya nufi maƙabarta da kansa don ya kai wa masu haƙa.

Tun daga bakin shinge ya hango ƙasa na tashi a gindin wata tsamiya. Tasi'u ne a cikin rami har ƙugu, shi kaɗai, gumi ya jiƙe masa riga.

"Wa ya ba ka awo?"

Tasi'u ya ajiye diga, ya rusuna a cikin ramin. "Baba ne ya ba ni, Alhaji, tun watan jiya. Shi ya kwanta a ƙasa na auna. Ya ce in na ji, kada in tsaya kuka a ƙofar gida, in taho nan. Ya ce ba ya son ya sa mutane jira."

Karan da Tasi'u ya yi awon da shi na jingine da tsamiya. Alhaji ya ɗauko ya haɗa da nasa. Daidai suke, ko ɗan yatsa babu a tsakani. Ya leƙa ramin: bangonsa a miƙe, lahadun a gyare, irin aikin da ya san hannun mutum ɗaya kawai da shi a Durun.

"Ka ji labarin abin da ke jiranka?"

"Na ji. Na riga na yi sallama da iyali."

Bayan azahar aka sallaci Malam Datti, aka kai shi. Jama'ar da ta taru har daga Kabo da Madadi ta cika maƙabarta. Da aka shafa fatiha aka fara watsewa, sai ga Muhsin tsaye a bakin shinge kusa da babur ɗinsa. Ya yi wa dattawa ta'aziyya, bai ambaci maganar Tasi'u ba. Tasi'u ya tattara diga da shebur ya zuba a baro, ya wanke hannu da ragowar ruwan kwaɓa ƙasa, ya nufi babur ɗin ba tare da an kira shi ba.

Alhaji Nata'ala ya bi bayansa da kallo. Ya sake laluben tarihin garin tun daga kakansa, bai sami misalin da yake nema ba.

"Kai Tasi'u," ya ce. Wannan ne karo na farko da ya kira sunan tun rani. "Baron gwamnati za ka bari a rana? Wa ka ajiye ya kwashe maka?"

Ya juya ga jami'in. "Ɗana, ina takardar? Da ajami nake sa hannu, in ofishinku na karɓa."

"Ana karɓa, Alhaji."

A kan kujerar babur ya dafa ya rubuta sunansa, a tsanake, har da na mahaifinsa.

Suka kama hanyar gari. Tasi'u na gaba yana tura baro, tayar na kuka. Dattijon na biye da shi, hannu a baya, ƙasar kabari ba ta gama bushewa a bakin babbar rigarsa ba.