Umarnin da Kwamado Ya Ƙi Rubutawa

Duk wanda ya yi aikin sojan ruwa a Sekondi a shekarun nan ya san Kwamanda Ekow Bentsil, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ɗan masunta ne daga Shama, gajere, kakkaura, mai zuciya a kusa. Lokacin yaƙin Laberiya shi ne ya kutsa da jirginsa cikin tashar Monrobiya ana ɓarin wuta, ya kwaso masu gudun hijira har babu wurin sa ƙafa, mata biyu suka haihu a kan benen jirgin kafin a iso gida. Bai cika ba da wannan labari ba. In an matsa masa sai ya ce warin da ya shaƙa kawai yake tunawa.

Da yaƙi ya lafa aka ba shi jirgin sintiri mai suna Nsroma, aka ce ya tsare ruwan masunta daga manyan jiragen kamun kifi na 'yan kasuwar waje, masu shigowa har kusa da gaɓa su share teku tas.

Wata Laraba da hantsi suna sintiri, sai suka hango kwalekwale uku suna ta kewaya wuri ɗaya, mutanen ciki na kaɗa riguna. Da suka matsa suka ga ɓaraguzan katako na yawo a kan ruwa. Wani dattijo da ake kira Egya Ackon ya miƙe tsaye a cikin kwalekwalensa, gawar ɗansa Ato na kwance a gabansa an rufe ta da buhu.

"Sun gan mu, Kwamanda," in ji shi. "Gari a waye haka, wa zai ce bai gan mu ba? Mun yi ihu, mun buga garwa. Suka bi ta kan komarmu, suka bi ta kan yarona, ko juyowa ba su yi ba."

Ekow ya dubi ƙafafun mamacin da suka leƙo daga ƙarƙashin buhu. Ya tambayi inda jirgin ya nufa, dattijo ya nuna kudu maso yamma.

Awa uku suna bin sa. Da suka cim masa aka yi ta kira ta rediyo, shiru. Ekow ya sa aka harba igwa ɗaya a gaban hancinsa, nan take ya tsaya. Ekow da kansa ya hau shi. A goshin jirgin ga shuɗin fentin kwalekwale nan ya goge a jikin ƙarfe, ga guntun koma na reto. Kyaftin ɗin jirgin, wani mai tumbi da singileti, ya tarbe shi da murmushi, ya miƙa masa wani ɗan kati mai lambar waya.

"Kira wannan, za ka huta," in ji shi ta bakin tafinta.

Saura ƙiris Ekow ya kai masa mari. Ya danne, ya sa katin a aljihu. "Gaya masa ya juya kan jirginsa zuwa Sekondi. In ya kauce ko da taki ɗaya, igwa ta biyu ba a ruwa za ta faɗa ba."

Washegari da safe aka ce shugabansa, Kwamado Kobina Essilfie, na nemansa. Tare suka shiga aikin soja, ɗaki ɗaya suka kwana a makarantar horo, amma Kobina ya fi shekara goma sha biyar rabonsa da teku. Ofishinsa na da sanyi da labule mai kauri.

"Ekow, ɗan Shama, zauna mana. A kawo maka shayi?"

"Na karya, Yallaɓai."

"Kai da Yallaɓai ɗinka. To, ka yi aiki, kowa ya yaba. Amma jirgin nan akwai hannun manya a ciki. Za su yi wa iyalin mamacin ta'aziyya yadda ya kamata. Kai dai ka janye yaranka, ya fita kafin la'asar."

"Na ji. A ba ni a rubuce."

Kobina ya yi dariya. "Tsakanina da kai sai da takarda?"

"Ranar da aka tura ni Monrobiya in je in mutu, a rubuce aka ba ni, da sa hannu da hatimi. Wannan ai ya fi sauƙi. Ga biro nan a gabanka."

"Ka san ba zan rubuta ba."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

Kobina ya cire tabarau. "Ekow, taurin kan nan naka shi ya sa har yau kake kwamanda, yaran da muka horar suna wuce ka. Mutum ɗaya ne ya mutu. Masunta kullum teku na cin su."

Nan ne zuciya ta ciyo Ekow. Ya daki tebur har kofin shayi ya yi tsalle ya zube a kan fayiloli.

"Teku ba ta ci shi ba, Kobina, taka shi aka yi kamar kaza a titi. 'Ya'yansa huɗu. Ubanka ma masunci ne, ko sanyin ofis ya mantar da kai? Da kifin da uwarka ta ƙyafe a Elmina aka saya maka takalmin farko, ni shaida ne, don har aronsa ka ba ni. Yau kai ne kake cewa mutum ɗaya."

Masinja ya leƙo, ya ga idon Ekow, ya koma.

"Fita," in ji Kobina a hankali. "Za ka ji daga gare ni."

Ekow ya ƙame, ya sara masa kamar yadda doka ta ce, ya fita. Bai koma jirginsa ba. Ya ɗauki Egya Ackon da masunta biyu a motarsa, ya kai su ofishin 'yan sanda suka ba da shaida. Ya miƙa guntun koma, da hotunan fentin, da rahotonsa, da ɗan katin nan mai lambar waya. Kafin azahar magana ta isa gaban alƙali, alƙali ya ce jirgi ba zai motsa ba sai an yi shari'a. Yanzu ko Kobina ya rubuta, ya makara.

Da ya isa gida, matarsa Maame Efua ta ajiye masa dokunu, tuwon masararsu, da soyayyen kifi. Ta dubi fuskarsa, ta ja kujera.

"Wa ka zaga yau?"

"Kobina."

"Da uwarsa?"

"Na dai ambace ta."

Ta girgiza kai. "To ci abincinka. In za su kore ka, gara su kore ka da ƙoshi."

Ba su kore shi ba, abin da suka yi ya fi kora ciwo. Bayan kwana tara takarda ta zo, wannan karon da sa hannu da hatimi. An ɗauke shi daga Nsroma, an mai da shi mai kula da ma'ajiyar kayan sarki a Accra, inda zai riƙa duba takalma da huluna. Ya karanta ta a tsaye a kan bene, ya ninke, ya tara mutanensa ya ce su kula da injin hagu, yana yawan zafi. Ya sauka bai waiwaya ba, don ba ya son su ga idonsa.

Ranar Asabar ya je Shama jana'izar Ato, cikin fararen kayansa na aiki. Yana isa rumfa sai yayar mamacin, Esi, ta taso masa, ɗankwalinta a ɗaure a ƙugu.

"Ga su nan, masu fararen kaya. Ina kuke safiyar da aka kashe shi? Shekara nawa muna gaya muku jiragen nan na shigowa? Sai an mutu ku zo kuna ƙyalli."

Mutane suka yi ca, suna cewa ai shi ne ya kamo jirgin, har ya rasa kujerarsa a kai. Ekow ya ɗaga musu hannu.

"Ku bar ta. Gaskiya ta faɗa."

Ya tsaya ta zazzage masa tas, har muryarta ta dishe ta fashe da kuka. Sannan ya je ya zauna kusa da Egya Ackon.

Shari'a ta yi wata goma sha ɗaya ana ɗagawa. Duk ranar zama Ekow kan shiga motar haya daga Accra tun da sassafe, ya zauna a bencin gaba yana kallon kyaftin ɗin har mutumin ya daina murmushi. A ƙarshe aka ɗaure shi shekara uku, aka saki jirgin ya koma wa masu shi, sunayensu kuwa ba a taɓa ambata a kotu ba. Ekow bai sake riƙe jirgi ba. Ya yi ritaya yana kwamanda, Kobina kuma ya ƙara samun girma. Sun haɗu sau ɗaya a wajen wani ɗaurin aure a Takoradi, Kobina ya miƙo hannu, Ekow ya dubi hannun, ya wuce wurin masu raba abinci.