Jelar Belangkas

"Rufe idonki," in ji Kamsiah. "Kada ki yi min satar kallo, ina ganinki."

Yarinyar ta runtse ido, hannunta cikin ruwan kwami har gwiwar hannu. Kamsiah ta kama yatsanta ta ɗora a kan jelar belangkas ta farko, ta ja shi a hankali daga tushe zuwa tsini. Sauran 'yan aji huɗu sun yi cirko-cirko a bakin kwamin, gaban rigunansu duk ya jiƙe. Wanda bai taɓa ganin wannan halittar teku, belangkas, ba sai ya ce ƙwarya aka kife, ta yi ƙafafu a ƙasa da doguwar jela kamar tsinken tsire.

"Me kika ji?"

"Kaushi, Mak Cik. Kamar zarto." Haka ake kiran ta a nan, Mak Cik, wato Goggo.

"Yauwa. Wannan ita ce ake cin ƙwanta. To zo nan." Ta mayar da yatsan kan jelar ta biyu. "Wannan fa?"

"Sumul. Kamar fensir."

"To wannan ko kyauta aka ba ku, ku ce kun ƙoshi. Dafi ne a cikinta, kuma wuta ba ta kashe shi. Ku tafasa ta daga safe zuwa yamma, yana nan."

Yarinyar ta buɗe ido tana murmushi, irin na wadda ta ci jarrabawa. Izzati, haka aka rubuta a ƙirjin rigarta.

"Irin tamu ce," ta ce. "Jiya Baba ya kamo biyu a taɓo, bayan gidanmu. Ni na riƙe jelar ma. Mama ta ce yau za ta yi mana kwaɗon ƙwan da rana, za ta ajiye min nawa."

Kamsiah ta saki yatsan yarinyar. Shekara shida tana wannan kwami a gidan kifaye na bakin teku. Da shara da goge gilashi aka ɗauke ta, har ranar da shugabar sashen yara ta ji ta tana gyara wa wani ɗan jami'a zance a kan kaguwa, ta ce daga gobe ta ajiye tsintsiya. Ita ko firamare ba ta gama ba. Masu digiri suna da allo da sunaye masu karya harshe, ita tana da abin da ta koya a taɓo tun tana yarinya. Kuma wani abin, da tsada ta koye shi. Ƙanenta Jusoh yana da shekara tara lokacin da ya ci irin wannan ƙwai, ya ce leɓensa ya mutu, kafin kwalekwale ya kai su asibiti numfashi ya tsaya.

Ta durƙusa har idonta ya daidaita da na yarinyar.

"Izzati, sake rufe ido. Taɓa wannan. Taɓa wannan. Wace ce irin ta gidanku?"

"Ta biyu."

"Kin tabbata?"

"Wallahi, Mak Cik. Ba ta da zarto."

Kamsiah ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Sha biyu da minti ashirin.

"Malama!"

Malama Thilaga, malamar ajin, tana can gefe tana raba wasu yara biyu da ke faɗa a kan tauraron teku. Da ta ji bayani, ba ta tsaya tambaya ba, ta zaro waya ta nemo lambar uwar. Ta buga har sau uku, ba a ɗauka ba. Ta buga ta uban, a kashe.

"Rosdi sunansa, a Paya Rengas suke. Direban babbar mota ne, sai ƙarfe ɗaya yake dawowa cin abinci," in ji malamar. "Baƙi ne, daga can cikin tudu suka taso, ko wata huɗu ba su yi ba. Mutanen gona ne, ina suka san kayan teku?"

"Mama tana barin waya a ɗaki in tana girki," Izzati ta ce, murmushin nan ya tafi. "Mak Cik, laifi na yi?"

"Ke? Ke kaɗai kika yi daidai yau a garin nan. Tsaya nan kusa da Malama."

Kamsiah ta bar kwamin a hannun abokiyar aikinta, ta fita da gudu, takalman roba suna faca-faca, zuwa inda motar makaranta take. Direban, wani siririn mutum da ake kira Ropi, ya miƙe ƙafa a kan sitiyari yana shan shayin ƙanƙara a leda.

"Daga nan zuwa Paya Rengas minti nawa?"

"Arba'in, in gada ba ta cushe ba. Lafiya, Yaya?"

"Ba lafiya ba. Kana da lambar wani maƙwabcin Rosdi, baƙon nan mai babbar mota?"

"Gidansa shi ne na ƙarshe, bakin taɓo. Maƙwabcinsa ɗaya, shi ma yana teku."

Kai, wannan rana! Minti arba'in ai har an wanke kwanuka. Kuma ba ma zaman cin ne ya fi tayar mata da hankali ba. Wace mace ce za ta haɗa kwaɗo ba ta ɗanɗana gishiri ba? Ta tsaya cikin rana tana matsa hannuwa, sai idonta ya sauka kan hasumiyar masallacin da ke ƙetaren titi.

"Ladaninku fa? Kana da lambarsa?"

"Tok Derahman? Ina da ita. Amma Yaya, tsohon nan ba ya kunna lasifika sai kiran salla da sanarwar mutuwa. Ko akuyar liman ce ta ɓata ba ya yarda."

"Buga min shi."

Tsohon ya ɗauka a bugu na biyar, da murya irin ta wanda aka tasa daga gyangyaɗi. Kamsiah ta yi sallama a gurguje ta zayyana masa komai. Ya ce ai lasifikar masallaci ba ta tallar kifi ba ce, zai dai aika wani in an sauko daga salla.

"Tok," ta ce, "yau dai sai ka kira sunan gidan nan a lasifika. Zaɓi ya rage naka, ko yanzu, ko bayan la'asar."

Ta ji ƙarar kujera, sai tafiyar silifa, sai tari. Bai kashe wayar ba. Daga nesa, ta cikin ɗan ramin wayar Ropi, ta ji lasifika ta yi ƙara, ta ji tsohon ya yi sallama ga jama'a, ya ce, "Gidan Rosdi, na bakin taɓo. Gidan Rosdi. Kada kowa ya ci belangkas. Wanda ke kusa ya ruga." Ya maimaita har sau uku.

Daga nan babu abin yi sai jira. Ta koma ciki. Yara sun yi tsit, abin da ba ta taɓa gani ba a wannan zaure. Izzati ta riƙe gefen rigarta gam. Kamsiah ta ce su zo su taɓa wata halitta mai laushi da ake kira kokwambar teku, ta nuna musu yadda ake shafa ta da yatsa biyu ba a matsa ba, amma bakinta kawai ke aiki, zuciyarta tana can bakin taɓo tana salati.

Ɗaya saura minti goma wayar Malama Thilaga ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta yi bayani a taƙaice, ta miƙa wa Kamsiah.

"Ke ce ta gidan kifaye?" Muryar mace ce, tana haki, ga hayaniya a bayanta. "Ni ce Hasmah, uwar Izzati."

"Kin dafa?"

"Na dafa, Mak Cik. Na haɗa da ɗanyen mangwaro da barkono, yana cikin faranti."

"Wa ya ci? Kin ɗanɗana?"

"Ramuwar azumi nake yi yau. Da ido na zuba gishiri." Sai muryar ta karye. "Ƙanen Izzati ya yi ta kuka sai na sa masa a baki. Na ce ya jira babansa. Har na ɗauki cokali, Mak Cik, don ya ƙyale ni. Cokalin yana hannuna na ji sunanmu."

Kamsiah ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen gefen kwami. Alhamdulillahi, ta ce, ta sake cewa, hawaye suna zuba ba ta ko share ba. Tun da take ba ta taɓa jin godiya ta cika mata ƙirji haka ba, ga Allah, ga tsoho mai taurin kai, ga 'yar yarinyar da ta san abin da yatsanta ya taɓa. Ta ɗaga wa Izzati kai, yarinyar ta faɗa jikinta.

"Wannan hayaniyar fa?" ta tambaya da ta samu murya.

Hasmah ta yi wani abu tsakanin kuka da dariya.

"Mata ne. Suna jin sunan gida a lasifika ba su tsaya jin sauran ba, suka yafa mayafi suka taho ta'aziyya. Tsakar gida ta cika. Kusan wata huɗu muna garin nan, Mak Cik, ba wadda ta taɓa tako min gida sai yau. Ga shi ba ni da abin ba su sai gayar shinkafa."

"Ki binne farantin nan da abin da ke ciki, ki zurfafa rami saboda kaji," in ji Kamsiah. "Sannan ki shimfiɗa musu tabarma. Tun da sun zo ba su tarar da gawa ba, gaya ma za su ci."