Akwatin da Gwaggo Mariyatu Take Lulluɓewa

Wata biyar ke nan Alhaji Imoru bai ce uffan ba. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a kasuwar shanu, bakin ya rufe ruf, mutumin da a da ake jin muryarsa daga wannan lungun Sabonjida zuwa wancan. Likita ya gaya wa 'yarsa Fuseina gaskiya: a yawaita nuna masa abin da ya saba da shi, kuma a yi sauri, don in lokaci ya ja maganar ba lalle ta dawo ba.

Fuseina gyaran waya take yi, ba ta tsoron abu mai waya da ƙusa. Ta sayi wata 'yar kwamfuta, ɗan akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, ta ɗora mata manhajar kallo ta kyauta, irin wadda mutanen duniya suka haɗu suka rubuta, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Ta haɗa ta da talabijin, ta zuba mata bidiyon da wanta Kadiri ya ɗauka shekara huɗu da suka wuce a bayan Kukuo: Baba tsaye cikin garkensa, a ƙarshe yana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya. Ta koya wa Gwaggo Mariyatu, ƙanwar Baba mai jinyarsa, maɓalli guda ɗaya tak. Bayan azahar za a danna, don a lokacin ne hankalinsa ke dawowa.

To, abin haushi! Kullum sai hoton ya soma tsalle-tsalle bayan minti goma, ya tsaya cak, daidai lokacin da idon Baba ya fara zama a kansa. Wurin kiran kuwa yana can gaba. Da yamma Fuseina ta dawo ta kunna, lafiya lau. Ta kai shago ta kunna, lafiya lau.

Ta canja katin ajiya. Ta canja igiyar talabijin. Ta yar da tsohuwar cajar waya da take ba akwatin wuta da ita, ta sayo mai ƙarfi. Duk a banza. Abdul-Manan mai sayar da kayan kwamfuta ya ajiye mata wani babban akwati a kan kanta, ya ce, “Sista, wancan ɗan abin wasa ne. Ɗauki wannan ki huta.”

“In ban san ciwon ba, me zan saya?” ta ce, ta fice ranta a ɓace.

Akwatin yana rubuta duk abin da ya same shi a wani kundi a cikinsa. Ta kwafe kundin ta aika dandalin masu manhajar a intanet, ba ta ma sa rai ba. Kafin ta gama shan koko washegari, wani mutum da ba ta sani ba, daga ƙasar da ko sunanta ba ta iya faɗa, ya karanta shi layi-layi ya amsa: zafi ne. Da rana cikin akwatin yana haura digiri tamanin, sai ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. Ya tambaya, a cikin tanda take ajiye shi ne? Ikon Allah, in ji Fuseina a ranta, mutum bai san Baba ba, bai san Tamale ba, ya zauna ya duba mata kyauta!

Amma zafin watan Maris ai har shagon yana shiga, me ya sa a can hoton ba ya tsayawa? Ranar ta rufe shago da azahar, ta hau yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, ta dawo gida ba sanarwa. Tana ɗaga labule ta gani. Ga akwatin a kan tebur, an lulluɓe shi tsaf da wani kyallen ulu mai kauri, saƙar hannu, ninki biyu, har da gyara masa gefe.

“Gwaggo! Mene ne wannan?”

“Yo abu mai tsada haka zan bari ƙuda su yi ta hawa?” in ji Gwaggo Mariyatu. “Rediyon ubanku shekara talatin ina rufe shi, me ya same shi? Da magariba ma ina ɗaukewa in rufe masa tuwo.”

Fuseina ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta yaye kyallen, ta taɓa robar akwatin, ta janye hannu da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya. Ta koma wurin Abdul-Manan da gudu, ta tsallake babban akwatinsa, ta zaɓi ɗan gidan ƙarfe mai haƙarƙari da ke fitar da zafi, ba fanka, don kada ƙara ta dami Baba. Kafin la'asar ta ɗaure shi, ta danna maɓallin da kanta.

Minti goma ya wuce. Ashirin. Hoton na tafiya sumul, ciyawa kore shar, shanu na kiwo. Baba bai ko ƙifta ba. Can mutumin cikin talabijin, da ƙarfinsa da doguwar sandarsa, ya ɗaga murya ya soma kira. Shanun suka ɗago kai suka nufo shi, ban da wata fara da ta tsaya baya tana yanga.

Leɓen Baba ya motsa. Murya ta fito a shaƙe, a karkace, amma ta fito.

“Ke... Amarya... taho mana.”

Sai bayan ya rufe baki mutumin cikin talabijin ya faɗi haka, kalma da kalma, yana dariya. Farar saniyar ta taho.

Fuseina ta zauna daɓas a ƙasa. Gwaggo Mariyatu sai salati take, ta cusa fuskarta cikin kyallen ulun tana kuka. Baba ya juyo a hankali ya dubi 'yarsa, ya ɗaga hannun da ke aiki ya nuna talabijin.

“Fuseina,” ya ce, “sake.”