Kujerar Gaba a Motar Badaru

"Faɗi sharaɗinka, Auta," in ji Badaru, yana goge hannu da tsumma.

"Ka cire kan injin mushen fijon nan tawa da kaji ke kwana a ciki, ka ɗora wa motarka. In taka ta tashi, ba na bin ka komai sai kujerar gaba duk ranar kasuwar Mai'aduwa. In ta ƙi, taka da tawa duk na 'yan gwangwan ne, kuma ni zan sayar."

"Dillali ko a maƙabarta sai ya nemi la'ada." Ya miƙo hannu. "Na sallama."

Badaru maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya. Da tasa fijon ya ci da gidansa, yana jigilar fasinja daga Daura zuwa Zango da Babban Mutum. Duk sanda lagireto ya yi yoyo sai ya zuba masa garin kuka, ramin ya toshe, ya ci gaba da tafiya. A kwana a tashi kukar ta toshe hanyoyin ruwan ma, injin ya yi zafi, kansa ya tsage.

Ni kuwa na tsufa ina duba shanu, ba a ɓoye mini ciwo. Na ga ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rawaya. A asibiti an ce hanta ce. Shi ma ya san inda ya dosa.

"Ba ni da gona," ya ce da ni. "Ba zan bar wa A'isha ƙarfe a kan duwatsu ba."

Ya warware injin a zaure. Ƙarafan da ke riƙe karanshaf, wato sandar da ke juya injin, ya jera kowanne a kwanonsa, cikin kwanonin matarsa A'isha, domin kowanne da gurbin da ya saba. Ranar wata Juma'a muna masallaci aka zo aron kwanoni na suna. A'isha ta juye ƙarafan cikin daro ɗaya, har ta wanke su tas.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗaura su da ka, ya sa sifana ya juya. Injin ya cije kamar jakin da ya ga ruwa.

"Malam, ni na ɓata?" ta tambaya daga bayan labule.

"Kukar da na zuba ma, ke kika sa ni? Je ki abinki."

Wani bakanike ya ce ya matse a haka, in ya yi zafi zai saki. Badaru ya girgiza kai. "Dabarar sauri ce ta kawo ni nan. A kwance su."

Sai dai hannunsa ya daina riƙe sifana. Ya dube ni daga kan tabarma.

"Auta, tuɓe rigar nan."

"Ka manta ribata tana cikin ƙin tashinta?"

"Na sani. Kama nan."

Haka na zama hannunsa. In ɗaura, in juya, ya kasa kunne ya ce, "Ba gidansa ba ne, sauya." Damina ta shigo muna wannan. Babbar rigata ta sha baƙin mai. Ranar da karanshaf ya juya sumul, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kafin a mayar da injin cikin mota ciwo ya kwantar da Badaru. Wata la'asar Jafaru, ƙanen A'isha, ya kawo aron batir. Muka ɗauko Badaru zuwa ƙofar zaure. Jafaru ya murza makulli. Ta yi tari, ta mutu. Ya sake murzawa, ta kama, hayaƙi ya cika lungun.

Badaru ya rufe ido yana saurare.

"Rage mata wuta kaɗan," ya ce. Can ya ƙara, "Kuma kada a sa mata kuka."

Bai ga wata Juma'ar ba. A fijon aka ɗauki dattawan da ba za su iya takawa zuwa maƙabarta ba.

In ana lissafin ciniki, A'isha ta ci riba: Jafaru ke jan motar, daga nan take ci. Badaru ma ya samu abin da ya nema. Ni ne na faɗi, ba gwangwan, ba riga, ba maƙwabci. Kujerar dai tana nan. Duk ranar kasuwa Jafaru yakan tsaya a ƙofar gidana, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gaba, ya bar injin yana aiki har in gama sa takalmi.